Hatsin Dawanau da Kwanon Mai Juna Biyu

Duk wanda ya bi hanyar Katsina daga birnin Kano ya san kasuwar Dawanau ta ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, inda ake lodin gero da dawa da wake da waken suya da riɗi zuwa Nijar da Chadi da Kamaru, har da ƙasashen ƙetare. Abin mamaki shi ne, a ƙauyukan da ke kewaye da wannan kasuwa, idan aka tashi karrama mace mai juna biyu sai a tsallake wannan albarka duka, a kawo mata burodi da shayi mai kaurin sukari, da farar shinkafa, da taliyar leda, da lemon kwalba. Mu a ganinmu wannan karramawa tana bukatar gyara, domin tana iya buɗe ƙofa ga wata cuta mai shigowa ba sallama, watau ciwon sukari na goyon ciki.

Ga yadda abin yake. Idan ciki ya yi nisa, mabiyiya takan fitar da waɗansu sinadarai masu rage ƙarfin insulin, wanda shi ne ke kwashe sukari daga jini ya shigar da shi cikin tsoka. Jikin yawancin mata yakan ƙara yawan insulin ya cike giɓin. Wadda nata ya gaza, sai sukari ya taru a jininta, ya ƙetara zuwa ga ɗan da ke ciki, ya yi ta ƙiba har ya kai kilo 4 ko fiye. A garinmu akan yi murna da ƙaton jariri, alhali kuwa shi ne kan jawo doguwar naƙuda da tiyata, kuma kowa ya san doguwar naƙuda ita ce babbar hanyar yoyon fitsari. Bugu da ƙari, uwar tana cikin haɗarin hawan jini da jijjiga, jaririn kuma sukarinsa na iya faɗuwa da zarar an yanke cibiya. Ciwon yakan lafa bayan haihuwa, amma mata da yawa yakan dawo musu daga baya ya zauna. A shekarar 2021 Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan haihuwa 1 cikin 6 a duniya tana zuwa ne da hawan sukari a jinin uwa.

Ba mu ce abinci kaɗai ke kawo shi ba. Gado da yawan shekaru da ƙiba tun kafin ciki duk suna da hannu. Amma mace ba ta da iko a kan gado ko shekaru. Abin da ke hannunmu shi ne kwanon abinci. Farin gari da farar shinkafa an raba su da dusarsu, saboda haka nan da nan sukan narke su zama sukari. Lemon kwalba mai santilita 50 yana iya ɗauke da gram 50 na sukari, wanda shi ne kusan iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda baligi ya sha a yini guda. Maltin da ake ba mai ciki wai don ya ƙara mata jini, shi ma sukari ne ya fi yawa a cikinsa. Masu ƙara jini su ne ƙwayoyin da ake bayarwa wurin awo, da nama da kifi da wake da ganye.

Wani zai ce, ai matsalar matan karkara yunwa ce da ƙarancin jini, ina su ina ciwon masu kuɗi? Lalle akwai yunwa, kuma ba mu ce a rage wa mai ciki abinci ba. Canji muke nema. Kuɗin lemo da burodi a sa su a ƙwai da wake. A dafa shinkafa da wake maimakon shinkafa zalla. A yawaita miyar kuka da kuɓewa da kwaɗon zogale da rama, a bar gero da dawa da ɗan dusarsu. Fura da nono da kunu abinci ne nagari, amma idan aka zuba musu sukari cokali uku sun koma dangin lemo. Tuwo ma a ci daidai, a rarraba shi cikin yini. Masana sun nuna cewa a watanni ukun farko mai ciki ba ta bukatar ƙarin abinci, daga baya kuma ƙarin bai wuce kalori 340 zuwa 450 a rana ba, watau ɗan ƙaramin kwano guda. Ɗan tattaki a tsakar gida bayan cin abinci shi ma yana saukar da sukari.

Sai dai rigakafi bai cika ba sai da gwaji, domin yawancin masu wannan ciwo ba su jin komai. Ana yinsa ne tsakanin mako na 24 da na 28: a auna jinin mace kafin ta karya, ta sha ruwa mai gram 75 na sukari, a sake aunawa bayan awa ɗaya da bayan awa biyu. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya sau 8. Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da ta sa wannan gwaji ya samu a ƙananan asibitocin karkara, kada sai mace ta yi tafiya zuwa Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano.

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, a gidajenmu namiji ne ke cefane, kuma maganar ɗan boko tana da nauyi wurin iyaye. In mun je hutu, mu zauna da yayyenmu da matan 'yan'uwanmu mu yi musu wannan bayani cikin ladabi, mu duba tsarabar da muke riƙe musu, mu kuma matsa wa mazajensu su kai su awo su nemi gwaji. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Allah Ya sauki matanmu lafiya, Ya raya abin da suka haifa, amin.