Fuka Daga Wurin Aiki

Zuwa ga Edita,

Yau gargaɗina ga masu fesa wa motoci fenti ne. Cikin wani irin fenti akwai sinadari, isosayanet, mai haddasa fuka. Alamarta, numfashi ya sarƙe ranar aiki, ya saku ranar hutu. Wanda ya ga haka ya garzaya asibiti. Likita ya kan ba shi bututun awon numfashi, ya riƙa hurawa sau 4 kullum har mako 4, yana rubutawa, a gwada awon ranakun aiki da na hutu. In aka gane da wuri, aka nisanci fentin, a kan sami sauƙi. In aka yi jinkiri, ta zauna.

Malamai, ku karanta wa jama'a.

Naka,
Akawu, Kano.