Shirun yankunan rikici shi ma gargaɗi ne

A watan Nuwamba da na Maris, masana kan zauna su haɗa alƙaluman ruwan sama, amfanin gona, farashin hatsi da tamowar yara, su zana taswirar inda yunwa ke tafe. Wannan shi ne tsarin Cadre Harmonisé na ƙungiyar CILSS, wadda cibiyarta ta AGRHYMET ke nan Yamai. Aiki ne mai kyau. To amma wa zai je ya auna damtsen yaro a ƙauyen da mota ba ta shiga sai da rakiyar soja?

Nan gizo ke saƙa. Bisa ma'aunin duniya na IPC, ba a ayyana yunwa sai gida 1 cikin 5 ya rasa cimaka, kashi 30 cikin ɗari na yara ƙanana sun kamu da tamowa, kuma mutum 2 cikin 10,000 na mutuwa kullum. Kafin a tattara wannan hujja a fagen fama, an riga an cika kushewa. A Somaliya, yunwar 2011 ta ci rai wajen 260,000, kusan rabinsu kafin sanarwar watan Yuli, alhali an yi watanni ana gargaɗi. A Sudan, da aka tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam cikin Agustan 2024, gwamnati musantawa ta yi. Mu ma ba mu manta da 2005 ba, lokacin da magabata ke gardamar suna, yara kuwa na mutuwa a Maraɗi.

Don haka kada a ɗauki rashin alƙaluma daga wasu sassan Tillaberi, Diffa ko kudancin Maraɗi a matsayin lafiya. Alamun ba ɓoye suke ba: kasuwar mako ta daina ci, gonakin nesa sun kwana ba shuka, an hana hawan babur, makiyayi na sayar da saniya mai ciki, tiyar hatsi ta hau tun kaka. Mai gari da matan da suka gudo sun san wannan kafin kowane rahoto.

A saurare su ko ta waya ce, a saka maganarsu cikin lissafi. A kuma yanke tun yanzu: in alama kaza ta bayyana, rumbun OPVN zai buɗe, ba sai an kira wani taro ba. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, amma a sha'anin yunwa, gara a kai hatsi a tarar da sauƙi, da a kai likkafani.