Tsokaci A Kan Labari Da Faɗa A Wasan San Andreas A Kudancin Kano

Gabatarwa

Matafiyin da ya ratse daga titin Zariya a Kwanar Ɗangora, ya bi ta Tudun Wada ya nufi Doguwa, idan ya yada zango a bakin tasha ko gefen kasuwa, yakan tarar da wani ɗan shago mai labule a ƙofa, janareto na ruri a bayansa, samari da yara sun yi cincirindo a gaban talabijin. Wannan shi ake kira gidan gem. Mafi yawan masu shiga wasan ƙwallo ke kai su, amma akwai wani wasa da ya daɗe yana jan hankalin yara, wanda a cikinsa ake ganin wani baƙin saurayi yana fizge mota daga hannun mai ita, yana harbi, 'yan sanda na bin sa. Cikakken sunan wasan shi ne Grand Theft Auto: San Andreas.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wasan nan yana ɗauke da abubuwa biyu masu ja da juna, watau labari da faɗa, kuma yadda ake yin sa a garuruwan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ya sa faɗan kaɗai ke isa ga yaro, labarin kuwa yana tsayawa a bakin ƙofa. Wannan al'amari ya shafi masu nazarin Hausa kai tsaye, domin kuwa batu ne na jigo da zubi da harshe.

Labarin A Taƙaice

Kamfanin Rockstar ne ya fitar da wasan a 2004 domin na'urar PlayStation 2, aka kuma sake fitar da shi domin wayar hannu a 2013. An gina labarinsa ne a kan shekarar 1992, a wani ƙagaggen birni mai suna Los Santos, wanda aka kwaikwayo daga birnin Los Anjalis na Amurka. Tauraron labarin, Carl Johnson, wanda ake yi wa laƙabi da CJ, ya dawo gida bayan shekara biyar domin jana'izar mahaifiyarsa da 'yan bindiga suka harbe. Tun kafin ya isa unguwarsu wani azzalumin ɗan sanda mai suna Tenpenny ya tare shi, ya yi masa barazanar ɗora masa laifin kisan wani ɗan sanda idan bai yi masa aiki ba. Ya tarar da ƙungiyar unguwarsu ta raunana, miyagun ƙwayoyi sun cinye samarinta. Shi da yayansa Sweet suka tashi tsaye domin su farfaɗo da ita, sai daga baya ta bayyana cewa aminansa biyu na ƙuruciya, Big Smoke da Ryder, sun haɗa baki da abokan gaba da shi Tenpenny, kuma suna da masaniya a kan harin da ya ci ran uwarsa. Aka ɗaure Sweet, aka jefar da CJ can bayan gari. Sai bayan doguwar wahala ya komo, a daidai lokacin da birni ya kama da tarzoma saboda kotu ta sallami Tenpenny, ya kashe amininsa Big Smoke da hannunsa.

Idan aka auna wannan da ma'aunin da ake koyarwa a aji, za a ga babban jigonsa cin amana ne, ƙananan jigoginsa kuwa sun haɗa da zaluncin ma'aikatan hukuma, da illar ƙwaya, da zumunci. Ba a ce labarin ba shi da aibi ba, don kuwa CJ ya ƙare da dukiya mai yawa bayan ya zubar da jinin da ba ya ƙirguwa, harshen 'yan wasan kuma cike yake da ashar. Duk da haka marubutansa sun san cewa kisa yana da ɗaci. Uwa ta mutu ba ta dawo ba, amini ya mutu bai tashi ba.

Tsarin Faɗa

Da zarar guntun fim ɗin da ke ba da labari ya ƙare, aka miƙa wa mai wasa ragama, sai doka ta sauya. Mai wasa yana iya take mutum goma da mota a kan titi, ya juya ya kwashe kuɗin da suka zuba daga aljihunsu. Abin da zai biyo baya shi ne wasu taurari da ke bayyana a saman allo, daga ɗaya zuwa shida, masu nuna tsananin neman da hukuma ke yi masa. Idan ya shiga garejin fenti aka sauya wa motarsa launi, sai taurarin su ɓace, laifi ya wanke ke nan. Idan kuwa aka harbe shi, sai ya farka a ƙofar asibiti, an karɓe makamansa da ɗan kuɗi kaɗan, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Bugu da ƙari, akwai wasu dannoni na sirri waɗanda yara suka haddace kamar karatun allo, masu cika wa mutum lafiya da makamai nan take.

A nan ne saɓanin ya fito fili. A cikin labari CJ mutum ne mai kukan uwarsa, mai ƙyamar ƙwaya, wanda aka tilasta wa aikata wasu laifuffuka. A cikin faɗa kuwa mutum ne wanda ran ɗan Adam bai kai masa kiyashi ba. Labari yana cewa alhaki kwikwiyo ne, faɗa yana cewa fenti na wanke shi. Tun da yake mai wasa yakan shafe awoyi yana faɗa, ya yi 'yan mintoci yana sauraron labari, ba sai an tambayi wanda muryarsa ta fi ƙarfi ba.

Yadda Wasan Ke Isowa Kudancin Kano

Abubuwa uku ne suka taru suka ƙarasa raba yaron Kiru ko na Riruwai da labarin. Na farko shi ne harshe. Turancin da ke cikin wasan na unguwannin baƙaƙen fatar Amurka ne, wanda ko ɗalibin jami'a sai ya kasa kunne sosai kafin ya tsinci rabinsa. Na biyu shi ne kuɗi. A gidan gem lokaci ake saya, ga kuma wani yana tsaye yana jiran a ba shi wuri, saboda haka wanda ya biya ba zai zauna kallon mutane suna surutun da ba ya ji ba, sai ya danna ya tsallake. Na uku shi ne rashin ci gaba. Labarin an tsara shi ne gaɓa-gaɓa, kimanin ɗari, ana bin su ɗaya bayan ɗaya cikin kwanaki masu yawa, alhali yaron da ya zo yau da 'yan kuɗinsa ba lalle ne gobe ya tarar da inda ya tsaya ba. Abin da ya rage masa shi ne yawo a titi da harbi. Ke nan littafi ne aka yage shafukan da ke bayyana dalili da sakamako, aka bar na sara da suka.

Wajibi ne a yi adalci a nan. Ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane da suka addabi Dajin Falgore a wajajen 2015 da 2016, har ta kai rundunar sojan ƙasa ta mayar da dajin filin horar da dakarunta a 2017, ba a gaban talabijin suka koyi sana'arsu ba. Haka kuma daba ta girmi PlayStation. Wanda ya ce wasa ne ke haifar da ta'addanci ya bar jaki yana dukan taiki. Amma wannan yanki wuri ne da bindiga ta taɓa zama gaskiya, inda akwai gidajen da suka sayar da shanu da gonaki domin fansar ɗan'uwa, inda kuma a Kiru gwamnatin jiha ta kafa makarantar gyaran halin matasan da ƙwaya ta lalata. Yaran irin wannan wuri sun fi kowa cancantar su ji ɓangaren labarin da ke nuna abin da ƙwaya da cin amana suka yi wa unguwar su CJ, sai ga shi wannan ɓangaren ne daidai ba ya isa gare su.

Faɗa A Adabin Hausa

Tauraro mai laifi ba baƙo ne ga Bahaushe ba. Gizo na tatsuniya maƙaryaci ne, ɓarawo, maci amana, kuma sau da yawa yakan sha. Bambancin shi ne tatsuniya tana da mai ba da ita a zaune, kaka ko uwa, wadda ke tsayawa ta yi tsaki ko ta yi dariya, ta nuna wa yaro inda Gizo ya yi wauta. A rubutaccen zube ma haka abin yake. Jiki Magayi, ɗaya daga cikin littattafai biyar na farko da suka fito bayan gasar 1933, labarin ramuwar gayya ne, inda Kyauta ya tashi ɓarawo har ya kashe mahaifinsa bai sani ba. Littafin gaba ɗayansa tanadin wannan kisa yake yi, shi ya sa yake girgiza mai karatu. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya bi sawun saurayin da ya bar ƙauye ya faɗa hannun miyagun birni. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito a 1982, jini ya kwarara a cikinsa ƙwarai, amma tun daga sunan littafin an sanar da mai karatu makomar Mailoma.

Wani zai ce ai wasa daban, littafi daban, kuma Bahaushe ma yana da wasan da ake kisa a tashi. Gaskiya ne, a dambe idan aka kai mutum ƙasa cewa ake yi an kashe shi, ya kuwa tashi ya karkaɗe jikinsa. To amma a duba yadda wannan kisa yake. Wanda aka kashe yana da suna da gari da ubangida. An yi masa kirari kafin ya shiga, an kaɗa masa takensa, jama'a sun shaida faɗuwarsa, za a kuma yi shekaru ana maganarta. Abin da ya sa har yau ake tuna Shago, wanda Ɗan'anace ya waƙe, shi ne an san mazajen da ya kara da su. A San Andreas waɗanda ake kashewa a titi ba su da suna, gawarsu ma ɓacewa take yi bayan ɗan lokaci. Haka nan ɗan tauri da ke taƙama ƙarfe ba ya cin sa ya san asirinsa yana da sharaɗi, yana kuma da makari, amma dannonin sirri na wasan nan ba su da ko ɗaya. A taƙaice, a al'adar Bahaushe faɗa ɗan labari ne, ba ya fita shi kaɗai.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Hani ba zai yi magani ba. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana iya sa ido a kan shago, amma ba ta iya shiga aljihun kowane yaro, wasan kuwa ya riga ya koma waya. Abin da ya dace da hukuma da masu shaguna shi ne kula da shekaru, domin su kansu ƙasashen da suka ƙera wasan sun rubuta a jikinsa cewa na manya ne.

Sauran aikin na Sashen Hausa ne. Da farko, ya kamata a karɓi irin waɗannan wasanni a matsayin abin nazari, kamar yadda aka karɓi fim bayan an daɗe ana yi masa kallon hadarin kaji. Ɗalibin da ya fito daga Tudun Wada ko Bebeji yana iya gina kundinsa na digiri a kan kalmomin da yara suka ƙirƙiro a gidan gem, da irin labarin da suke ƙaga wa CJ da kansu tun da ba su ji na asali ba, wanda shi ma wani sabon adabin baka ne da ba a tattara ba. Na biyu, masu fassarar da suka sa jaruman Indiya suna magana da Hausar Kano sun nuna cewa harshe ba shinge ne da ba ya ƙetaruwa ba, don haka ana iya taƙaita labarin nan da Hausa mai tsabta, a bar ashar ɗin ga masu ita. Na uku, wanda ya fi nisa amma ya fi muhimmanci, shi ne tanadin marubuta. Ranar da matasan ƙasar nan masu ilmin kwamfuta za su tashi ƙera wasa na gida, za su nemi mai rubuta musu labari. Kayan aiki kuwa ga su nan jibge: makiyayin da aka kore wa garke a Falgore, da mafaraucin da ya san kowace ƙorama a dajin, da ɗan da ya koma gida ya tarar amininsa ne ɗan leƙen asirin ɓarayi. Gwanintar marubucin ita ce ya tsara wasan yadda duk wanda ya faɗi yana da suna, kuma mutuwarsa ta sauya abin da zai biyo baya.

Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa San Andreas labari ne na cin amana wanda tsarin faɗansa ke ƙaryata shi, kuma harshe da kuɗi da ƙarancin lokaci sun sa faɗan ne kawai ke isa ga yaran kudancin Kano. An kuma nuna cewa tatsuniya da zube da dambe duk sun ɗaure faɗa da suna da dalili da sakamako. Yaran da ke cika gidajen gem a yau su ne ɗaliban da za su cika azuzuwan Sashen Hausa nan da 'yan shekaru, kuma da wannan ma'auni za su zo su karanta Jiki Magayi. Ya fi kyau malamansu su riga su sanin abin da suka taso a kansa.