Farashin Kanti Da Farashin Waya

Makon jiya ɗana na fari ya same ni ina gyaran littattafan 'yan aji shida a gaban sabuwar fitilata, irin wadda akan shanya a rana ta kwana tana ci. Ya tambaye ni nawa na saya. Da na faɗa masa, sai ya zaro waya ya latsa, ya nuna mini irinta sak, ya ce, "Baba, an cuce ka." Lalle kuwa, naira 14,000 na biya mai kantin bakin titinmu, ga ta a waya an rubuta 10,500. Raina ya sosu, gama shekara tara ke nan ina ciniki da mutumin nan.

Amma malami ba ya yanke hukunci sai ya yi lissafi. Na ce wa yaron ya kawo alli.

Kafin mu kai ga lissafin, bari mu ga dalilin arahar. Ciniki ta intanet ya daɗe. Kamfanin Amazon na Amurka da littattafai ya fara a 1995. A nan Nijeriya, Jumia da Konga duka a Legas aka kafa su cikin 2012, Temu kuma, mai kawo kaya daga ƙasar Sin, ya shigo a 2024. Irin waɗannan ba su biyan hayar shago a kowace unguwa. Yawancin kayan ma ba nasu ba ne, na 'yan kasuwa ne da ke baje kolinsu a can, kamfani ya ɗauki la'ada. Idan mutum goma suna sayar da fitila iri ɗaya a wuri ɗaya, mai saye kuma yana ganin farashinsu duka a jere, tilas kowa ya sauko.

Mai kanti fa? Kayansa sai sun bi hannu uku ko huɗu kafin su iso gare shi: daga masana'anta zuwa babban dila, daga nan zuwa 'yan sari, sa'an nan mota ta kawo. Kowane hannu da ribarsa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin motar nan ya zama babban abu. Ga jarinsa kaɗan ne. Wanda ya sari rabin katan ba zai sami ragin wanda ya sari tirela ba.

To, ga lissafin. Da yaron ya ci gaba da latsawa har zuwa wurin biya, sai ga kuɗin kawowa naira 2,200 ya fito daga inda ya ɓuya. Ba kuwa har gida za a kawo ba, sai a je cikin gari a karɓa, kuɗin keke zuwa da dawowa 800. Jimla 13,500. Watau cutar da aka yi mini ta koma naira 500.

Me na samu da wannan 500? Mai kanti ya kunna fitilar a gabana, ya ce idan ba ta kwana ba in mayar masa. Rabin kuɗin na ba shi, sauran sai da albashi ya fito, bai ƙara mini ko kwabo ba. A daren nan kuma na yi aiki da ita, ban jira mako guda ba. Ba a cinikin biri a sama, amma ciniki ta waya kusan haka yake: hoto kake gani, hoto kuwa ba ya faɗin nauyin abu ko ƙwarinsa. Gaskiya ne akan yarda a mayar da kaya, wasu ma sai sun kawo ake biya, amma mayarwar ma tafiya ce, da kwanaki.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa ina kāre masu kanti ne. Akwai inda ba su da hujja. Idan dala ta tashi da safe, kafin yamma sun ƙara kuɗin kayan da suka kwana wata uku a kan kanta. Idan ta sauka, sai su yi kamar labari bai iso ba. Wasu kuma fuska suke dubawa kafin su faɗi farashi. Su ma na waya suna da tasu dabarar. Sukan rubuta wani babban farashi su ja masa layi, domin ka ga kamar an yi maka ragi mai yawa, musamman a rangwamen watan Nuwamba. Farashin da aka soke ba shi ne ma'auni ba. Ma'auni shi ne abin da ake sayar da kayan a kasuwa yau.

A ganina, abin ya danganta ga irin kayan. Abu mai tsada marar nauyi, kamar waya ko agogo, kuɗin kawo shi kaɗan ne bisa ga kuɗinsa, saboda haka arahar takan tsaya da ƙafafunta. Amma sabulu, gishiri, ashana, sukari na ƙulli, babu wanda zai aiko maka daga Legas. Matan gida sun fi mu sanin wannan. Ranar da baƙo ya sauka ƙarfe tara na dare, ba intanet ake aiken yaro ba.

Shekaranjiya uwargida ta ce tana son dutsen guga. Muka duba a waya, muka haɗa har da kuɗin kawowa da na keke, na rubuta a takarda na kai wa mai kanti. Ya daɗe yana duban takardar. Ya ce ba zai iya kai wa nan ba, amma zai sauko da naira 1,000, ranar Litinin kuma zai shiga Kano, zai tambaya a Sabon Gari ko akwai mai sauƙi. Na ce masa za mu jira.