Liyarin da aka huda ba abin yarwa ba ne

Masu tara tsofaffin kuɗi a Turai da Amurka suna da ƙa'idar da ba su wasa da ita: kwandalar da aka huda, ko aka karce, ko aka goge, darajarta ta faɗi. Kamfanonin tantancewa irin su PCGS da NGC suna auna lafiyar kwandala da maki daga 1 zuwa 70, amma da zarar sun ga huji ko alamar guga sai su hana ta maki, su rubuta aibin a takardarta. Wannan ƙa'ida ta iso mana ta intanet, kuma masu sha'awar tara anini da kwabo da sule sun fara bin ta ido rufe. Ni kuwa ina ganin ba kowane aibi ne ya kamata ya hana ciniki ba. Wanda ya fito fili yana faɗin inda kuɗin ya bi, a saya; wanda aka yi dabarar ɓoyewa, shi ne abin gudu.

A dubi liyari, azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Taresa ta Ostiriya. Ta rasu a 1780, kuma tun daga lokacin ake ta buga shi da wannan shekara ɗaya, har gobe ma ana bugawa. Ke nan liyari mai ƙyalli, wanda ko ƙwarzane babu, yana iya zama na bara. Amma wanda ya ƙetaro Sahara da ayarin fatake ya shigo Borno da Kano, maƙerin farfaru ya huda shi ko ya liƙa masa kunne, wata baiwar Allah ta rataya a wuya har fuskar sarauniyar ta shafe a gefen da ke gogar ƙirji, bakin hujin ya yi sulɓi saboda cin zare, wannan ya zo da shaidarsa a jikinsa. Ma'aunin kamfani zai ce ya lalace. Mai neman tarihin ƙasar nan kuwa ya samu abin da sabon bugu ba zai taɓa ba shi ba.

Haka zancen anini. Hujin tsakiyarsa dai da shi aka ƙera shi, ba aibi ba ne. Na farko, na 1907, da alminiyam aka yi shi, yanayinmu ya dinga cin sa, ba a jima ba aka koma gamin jan ƙarfe da nikel. Duk wanda ya ce sai ya samu wanda ba tabo kafin ya saya, zai daɗe yana jira.

Za a ce arha ba ta ado, kuma ranar sayarwa mai aibi ne ke kwantai. Gaskiya ne, ba na musu. Wanda ya shiga harkar don riba, ya nemi lafiyayye ko da tsada. Amma ai maganin wannan a wurin ciniki yake: a nuna aibin, a rage kuɗin daidai da shi. Asara tana zuwa ne idan an biya kuɗin lafiyayye aka karɓi mai rauni. A liyari ma akwai abin dafawa, tunda nauyinsa gram 28 ne kuma kashi 83 cikin ɗari azurfa ce. A ɗora shi a sikeli, a kanga masa maganaɗisu, in ya kama to ba azurfa ba ce.

Inda ba na sassauci shi ne kwandalar da aka dirje da toka ko lemun tsami don ta yi haske. Idan aka karkata ta ga rana za a ga siraran zane duk sun nufi gefe guda, kuma duhun da shekaru suka shimfiɗa mata ya tafi ke nan. Haka wadda aka toshe hujinta da dalma aka shafe: an goge labarin, sannan an yi wa mai saye rufa-rufa. Sai kuma jan ƙarfen da ke fitar da koren gari, domin cin ba ya tsayawa, in akwai danshi sai ya rarake kwandalar. Kuskuren bugu daga masana'anta shi kam yana ƙara daraja, kamar kwabon Amurka na 1955 da rubutunsa ya fito biyu-biyu, sai dai saboda tsadarsa ana yawan yin jabunsa, don haka kada a yi cinikin biri a sama daga hoton waya.

Ga wanda ya tarar da sulalla ko liyari a adudun kakarsa: don Allah kada ka wanke, kada ka goge, kada ka kai a toshe hujin. Ajiye su a busasshen wuri, kowanne a takardarsa, ka rubuta sunan mai su da garin da ta zauna.