DAGA BAKIN KOGI: Me ya sa fatalwar finafinan mu ke ba 'yan kallo dariya?

 

A fitowa ta baya na ba ku labarin wani littafin ban tsoro da wani aboki na ya ba ni aro, mai suna Into the Mist, wato kutsawa cikin hazo, wanda wata marubuciya 'yar ƙasar Niyuzilan mai suna Lee Murray ta fitar a 2016. A ƙarshe na jefa maku tambaya: shin za mu iya yin irin sa a industirin mu, da namu kayan na gida? Wallahi ban zaci tambayar za ta tada ƙura haka ba. Saƙonni su ka yi ta shigowa har waya ta ta ɗau zafi. Wasu ma ba su tsaya rubutu ba, takanas su ka same ni a teburin mai shayin da mu ke zama a nan Kudenda, aka kafa musu har mai shayi ya kife kofunan sa ya ce mu tashi.

Ga waɗanda fitowar ta wuce su, labarin wani sajan soja ne, Taine McKenna, da aka ba shi aikin raka wasu masu binciken ma'adinai cikin dajin Te Urewera. Dajin na ƙabilar Tuhoe ne, wani reshe na Maori, mutanen da Turawa su ka tarar a ƙasar. Hazo ya rufe ayarin, wani abu ya riƙa ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Masu ilimin boko su na ganin wani ƙaton dangin tuatara ne, wata halitta mai kama da ƙadangare. Su kuwa masu ƙasa sun san sunan sa tun kaka da kakanni: taniwha, dodon da ke zama a zurfin kogi ko kogon dutse, wani sa'in ya yi gadin mutane, wani sa'in ya cinye su. Littafin ya ci kyautar Sir Julius Vogel a 2017, kyautar da masoya irin waɗannan labarai na ƙasar ne ke zaɓen wanda za a ba.

To, ga abin da ku ka ce, ga kuma nawa.

Saƙon farko daga wata ɗaliba ce a Kakuri, kuma ba ta rufa mana asiri ba. Ta ce mu fara gyara wanda mu ke yi tukuna. A cewar ta, duk fim ɗin Hausa da aka ce na ban tsoro ne, ta san abin da za ta gani tun kafin a kunna: a shafa wa jaruma farar hoda kamar an tsoma ta a buhun fulawa, a naɗa mata farin yadi, a sa mata jan ido da kwamfuta, sannan ta yi ta ƙyalƙyala dariya mai amsa-kuwwa. Ta ce ƙanen ta ɗan shekara bakwai kwaikwayon fatalwar ya ke yi ya na ba su dariya, amma in kakar su ta fara tatsuniyar Dodo da daddare, ko fitsari ba ya iya fita shi kaɗai.

Ƙanwa ta, kin gama magana. Wannan fatalwar ba tamu ba ce, ta haya ce. Yayyen mu sun tashi da kallon Evil Dead na Amurka, na 1981, da Nagina na Indiya, na 1986, inda Sridevi ke rikiɗa ta zama macijiya, da finafinan 'yan'uwan nan na gidan Ramsay masu tsohon gida da gizo-gizo. Daga Kudu kuma Living in Bondage ya zo a 1992 da 'yan ƙungiyar asiri da fatalwar matar da aka yi tsafi da ita. Da aka fara finafinan bidiyo na Hausa a Kano da Turmin Danya a 1990, sai mu ka tsinci nan mu ka tsinci can, mu ka haɗa wani abu da ba Ba'indiye ba, ba Bature ba, ba kuma Bahaushe ba. Ai kayan aro ba ya rufe katara.

Alhali rumbun mu cike ya ke. Wa ya taɓa zama ya yi fim na gaske a kan macijin rijiyar Kusugu ta Daura, wanda ya hana mutanen gari ɗibar ruwa sai ran Juma'a? Ku yi tunanin garin kafin zuwan Bayajida: kwana shida na ƙishirwa, da uwar da ɗan ta ke kukan ruwa ran Talata. Wannan kaɗai fim ne. Ga tsamiya da kuka da ake hana yaro zama ƙarƙashin su da tsakar rana. Ga hanin zuba ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla, da hanin yin fito da daddare, da hanin zama a bakin ƙofa da magariba. Ga Jangare, birnin iskoki a wajen 'yan bori, da mutanen cikin sa: Sarkin Rafi mai ruwa, Ɗan Galadima ɗan caca mai ɓarnar dukiya, Kuturu, da Inna, wadda har yau sunan ta ke bakin mu duk lokacin da mu ka ce shan-inna. Wani Bature, Tremearne, ya rubuta littafi guda a kan bori tun 1914. Frank Edgar ya tara tatsuniyoyin mu mujalladi uku tsakanin 1911 da 1913, marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ma ya tara nasa. Tun 1934 Abubakar Imam ya kai Alhaji Imam ƙasar aljanu neman Ruwan Bagaja. A zamanin littattafan kasuwar Kano ga irin su Maje El-Hajeej Hotoro da Nazir Adam Salih da su ka hana matasa barci da labaran al'ajabi. Kayan aiki dai ba mu rasa ba.

Amma fa ba kowa ya yarda a buɗe wannan rumbun ba. Wani malamin Islamiyya daga unguwar Nasarawa, maƙwabtan mu, ya rubuto mani doguwar wasiƙa cikin ladabi. Ya ce, ɗan'uwa, ka ji tsoron Allah, abin da ka ke kira labari shi ne malamai su ka sha wuya kafin su raba iyayen mu da shi. In aka sa garaya da girka a fim, aka yi masu kwalliya, gobe yarinya za ta ce ita ma a kai ta.

Allah ya gafarta Malam, ban raina wannan magana ba. Amma aljanu ba 'yan fim su ka ƙirƙiro su ba, sura guda ce a Alƙur'ani ke ɗauke da sunan su, sura ta 72, kuma a cikin ta aka yi gargaɗi a kan mutanen da ke neman tsari wurin su. Kenan nuna su ba shi ne matsala ba, sai dai inda labarin ya karkata. Fim ɗin da zai nuna mutum ya kai kukan sa ga iska, ya biya da abin da ya fi ƙauna, ai ya fi ƙarfin a kira shi tallar bori. Kuma manyan mu na tuna yadda aka yi da Sumbuka a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da 'yanmatan sakandare su ka riƙa faɗuwa a Kano, kaset-kaset na ruƙiyya su ka cika kasuwa. Mutane da kan su su ka riƙa saye su na saurare cikin tsoro. Tsoron ya na nan, ko mun yi fim ko ba mu yi ba. Ga kuma Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001, wadda aikin ta ne ta duba inda aka wuce gona da iri. Abin da na yarda da Malam a kai ɗari bisa ɗari shi ne: marubucin da bai san inda iyakar ta ke ba, ya je ya tambayi malamai kafin ya ɗau biro, ba bayan an gama editin ba.

Akwai kuma wani ɗalibi daga Zariya da ya nemo littafin ya karanta shi tas, ya dawo da ƙorafi. Ya ce shi wurin da ya fi kama shi shi ne na dattijon nan Bamaore mai gani a mafarki, amma da sojoji su ka fara ɓarin wuta sai ya ji kamar ya na kallon fim ɗin Amurka. Ya ce tun da aka bayyana masa dodon da sunan kimiyya, rabin tsoron ya tafi. Na yarda da shi. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a fim ɗin ban tsoro ji ya fi gani. Wannan ma albishir ne ga furodusoshin mu masu kukan rashin kuɗi: ba sai ka sayi kwamfutar da za ta zana dodo ba. Samu mai ɗaukar sauti na kirki, ka samu mai haske da ya san duhu, ka bar ɗan kallo ya zana dodon sa a ƙwaƙwalwar sa. C.J. Obasi ya yi Mami Wata ba kala, fari da baƙi kawai, ya je bikin Sundance na Amurka a 2023 aka ba fim ɗin kyauta a kan ɗaukar hoto.

Wanda ya fi tsaya mani a rai a teburin mai shayi kuwa wani maƙwabci na ne Bagwari, ko in ce Gbagyi kamar yadda su ke son a kira su. Ya bari kowa ya gama, sannan ya ce: ku yi fim ɗin ku na kogi, amma ku tuna kakannin mu na bakin kogin nan tun kafin a yi garin Kaduna. Don Allah kada ku ɗauko mu ku ɗaura mana ganye, ku sa mana haƙoran shan jini, ku ce mu ne matsafan. Kowa ya yi tsit, don mun san an yi wa Maguzawa haka a wasu finafinan farkon shekarun 2000.

A nan ne darasin Niyuzilan ya ke. Ita Lee Murray ba Bamaoriya ba ce, amma ba ta mayar da masu dajin dodanni ba, su ne ma masu sanin abin da baƙi su ka jahilta. Kuma a can maganar taniwha ba wasan yara ba ce. A 2002 sai da aka dakatar da aikin wani ɓangare na babbar hanya kusa da Meremere, a yankin Waikato, saboda mutanen wurin sun ce fadamar gidan wani taniwha ne, aka zauna da su aka gyara tsarin aikin. A 2017 majalisar ƙasar ta ba Kogin Whanganui matsayi irin na mutum a gaban doka. Ba na cewa mu yi imani da abin da su ka yi imani da shi. Cewa na ke yi sun ɗauki labarin kakannin su da daraja, shi ya sa da su ka sa shi a littafi da fim duniya ta saurara. Mu kuwa ga kogin da garin mu ya samo suna daga kadojin cikin sa ya na wucewa ta bayan gidajen mu, ba mu taɓa tambayar masunta da masu ɗibar yashi abin da su ke ji a bakin sa da asuba ba.

Saƙo na ƙarshe shi ne mafi nauyi, kuma mai shi ta roƙe ni kada in faɗi ko unguwar su. Ta ce ita ba ta ƙi a yi fim ɗin aljanu ba, amma a bar maita. Ta na yarinya wani yaro ya yi zazzaɓi mai zafi, cikin sambatu ya kira sunan kakar ta. Aka taru a ƙofar gida aka ce tsohuwa ta kama kurwar sa, sai ta fito ta tsallake shi. Yaro ya warke a asibiti, amma tsohuwa ba ta ƙara shiga gidan biki ba har ta koma ga Allah, jikokin ta mata kuma sai da su ka sha wuyar samun miji. Ta ce duk fim ɗin da ya nuna tsohuwa mai jan goro a baki ta na lasar leɓe, wani gida ya ke ƙara wa wuta.

Na karanta wannan saƙo sau uku. 'Yan'uwa marubuta, aljani ba zai kai ka ƙara ba, ba shi da jikokin da za a ƙi aure. Amma tsohuwar da ke sayar da ƙuli-ƙuli a layin ku mutum ce. In har za a yi fim ɗin maita, to abin tsoron da ya kamata a nuna shi ne taron da ke ƙofar gida riƙe da duwatsu, ba ƙanƙarar da ba wanda ya taɓa gani ba.

Saboda haka amsa ta ga tambayar da na yi ita ce: za mu iya, in mun cika sharaɗi uku. Mu mayar wa masu ita fatalwar haya. Mu je mu zauna da kakanni da malamai da masunta mu ji labari daga tushe. Sannan kada mu mayar da maƙwabci, ko tsohuwa, ko wata ƙabila dodon fim ɗin mu. Yanzu da finafinai masu dogon zango su ka koma YouTube, ba wanda zai ce dilan kaset ne ya hana shi gwada sabon abu.

Kafin in ajiye biro, bari in tona wa kai na asiri. A daren da mu ka yi wannan musu an ɗauke wuta, na biyo hanyar da ke gangarawa wajen kogi ni kaɗai. Sai na ji wani abu ya faɗa ruwa, tsundum! Ban ga komai ba. Ni da na gama cika baki a kan fasahar tsoro, Ayatul Kursiyyu na kama, ban san sa'ad da na iso ƙofar gida da takalmi ɗaya ba. Ba hoda, ba jan ido, ba kwamfuta.

Ku aiko mani da labarin ban tsoron da kakar ku ta taɓa ba ku, wanda har yau bai bar ku ba. Zan zaɓi uku mafi daɗi mu tattauna yadda za su zama fim. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya, kuma a yi addu'a kafin a kwanta.