Zancen Bakin Akwati: Zoɓo, Ƙwaya da Awon Tansiyo

Da fatan zubin watan nan ya tafi daidai, masu bashi kuma Allah ya hore abin biya.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen hawan jini yau, makulli ne. A ɗaya daga ƙungiyoyin da muke zagayawa, ranar zubi ta zo, mata sun cika tabarma, an kawo akwati, amma makulli na uku bai zo ba. Sai can ɗiyar mai riƙe da shi ta shigo da shi ɗaure a bakin zane. Uwarta ta faɗi da asuba wajen alwala, baki ya karkace, hannun dama ya mutu. Mun san matar nan. Shekara biyu tana shan ƙwayar tansiyo da aka rubuta mata a likita. Bayan azumi ta ce da mu: "Ni dai na warke, kaina ya bar ciwo. Zoɓo nike sha da tafarnuwa, kuɗɗin ƙwaya gara in zuba su cikin asusu." Mu duka muka ce madalla. Ba wadda ta ce mata ta koma a auna ta, har da mu masu wannan rubutu. Yau raguna biyun da take kiwo domin kasuwar layya an saida su, an kai kuɗin wajen jinya.

Ba mu zo mu kushe ganye ba. Iyayenmu da shi suka rene mu, kuma zoɓo kam, wanda wasu ke ce ma bisap, masana sun gwada shi sun ga yana da aiki. A wani gwaji da aka yi a Amurka, aka buga a 2010, an ba mutanen da jininsu ya fara hawa kaɗan kofi uku na ruwan zoɓo kullum har mako shida. Lambar sama ta sauko musu da kimanin maki 7 a ma'aunin da ke cewa 140. To, mu nan a likita ba 140 ake ce muna ba, 14 ake cewa. Ke nan saukar ba ta kai ko maki ɗaya ba a lissafinmu. Wadda take kan 14 da ɗan ɗori, wannan taimako ne na gaske. Wadda take kan 17 ko 18 kuwa, ta sha tulu guda, tana nan cikin hatsarinta. A Senegal ma an gwada zoɓo da ganyen geza, wanda su ke kira kinkeliba, an ga suna rage tansiyo ga waɗanda nasu bai yi tsanani ba. Maganar dai ɗaya ce.

Kuma zoɓon da aka gwada ba irin na cikin leda ba ne, wanda muke saidawa a bakin makaranta da sukari har ya kama harshe. Mun san cikinmu akwai masu wannan sana'a, kar ku ji haushi, ga yara ya yi. Mai hawan jini dai ta dafa nata a gida, ba sukari ko da kaɗan ƙwarai. In tana shan ƙwaya, ta gaya ma ma'aikacin lafiya tana sha, don akwai ƙwayoyin da ke sa fitsari, shi ma zoɓo yana sawa, in suka haɗu jiri na iya kwashe mutum. Mai ciki kuwa ta bar maida shi magani.

Zogale da tafarnuwa abinci ne masu kyau, a ci su cikin kwaɗo da miya. Wanda ke ba mu tsoro shi ne haɗin gora, irin wanda ake yawo da shi ranar kasuwa da lasifika, gora guda wai tana maganin tansiyo da sukari da basir da sanyin mata. Ba ki san abin da ke ciki ba, ba ki san yawansa ba, shi kansa mai saidawa gorar yau da ta jiya ba ɗaya ba ce. Ƙodar mai hawan jini dama a wahale take, ba ta bukatar ƙarin kaya. Haka nan ƙwayoyin ƙiba da ƴan mata ke saye kafin biki, da na ciwon gaɓoɓi da muke saye a tire muna sha kullum kamar gyaɗa, da yawansu suna ɗaga jini.

Amma mu dawo madafa, don nan ne muka fi iko. Hukumar lafiya ta duniya ta ce babban mutum kar ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi guda ke nan. Kowa ta tuna tukunyarta ta jiya: gishiri, dunƙulen magi biyu ko uku, sannan kanwa a miyar kuɓewa, kanwa a wake. Magi galibinsa gishiri ne. Kanwa ma dangin gishiri ce, sinadarin da ke ɗaga jini yana cikinta ko da harshe bai ji ɗanɗanonsa ba. Me amfanin kofi uku na zoɓo da safe, da dare kuma mu mayar da abin da ya rage har da riba? Daddawa da albasa da citta suna ba miya daɗi. Maigida zai yi ƙorafi mako biyu, daga nan harshensa ya saba. Shi ma ai jininsa ne.

Zancen kanwa ya kai mu ga masu jego. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke kasawa bayan haihuwa, suka danganta abin da kunun kanwa mai yawa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon da aka hura wuta ƙarƙashinsa. Mun san taɓa wannan al'ada ba wasa ba ne, kakanni na ji. Ba mu ce a bar kunu ba. A rage kanwar, musamman ga wadda aka ce tansiyonta ya hau lokacin ciki. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, numfashi na yi mata wuya in ta kwanta, a kai ta likita ranar, kar a jira arba'in. Mai ciki da ke ciwon kai mai tsanani, ido na yi mata hazo, fuska ta kumbura, ita ma haka, don jijjiga ba ta ba da lokaci.

Abin da ya ruɗi ƴar uwarmu shi ne ta ɗauka ciwon kai ne ma'auni. Hawan jini sau da yawa ba ya ciwo ko kaɗan, shi ya sa kusan rabin masu shi a duniya ba su san suna da shi ba. Ƙwaya kuma ba ta kashe shi, riƙe shi take yi kamar yadda igiya ke riƙe akuya. Ranar da kika kwance, ta shiga gonar mutane. In an auna ki sau biyu ko uku a ranaku dabam aka samu 14 bisa 9 ko fiye, zancen likita ne. In kuɗin ƙwaya ne ya gagara, ki faɗa a taro, asusun taimako dominsa aka yi shi. Ki kuma tambaya a farmasi ko akwai irinta mai araha, don sau da yawa akwai.

Ga shawarar da wannan ƙungiya ta yanke bayan abin da ya faru, mun ga ya dace mu miƙa muku. Su 25 ne. Kowace ta ƙara dala ashirin a mako, jikka biyu da rabi ke nan kowane zubi, cikin mako takwas jikka ashirin. Za su sayi na'urar awon tansiyo mai batir, irin ta damtse, ta zauna cikin akwati tare da littafi. Sun roƙi ma'aikaciyar lafiya ta unguwa ta zo ta koya ma mata biyu masu karatu yadda ake yi: a zauna minti biyar tukuna, baya a jingine, hannu bisa wani abu daidai ƙirji, ba surutu (wannan na ƙarshe shi zai fi ba mu wuya). Sakatariya ta rubuta lambar kowa gefen zubinta. Mai shan zoɓo ta ci gaba da sha, bayan wata guda littafi zai nuna ko ya yi mata aiki.

Mun leƙa majinyaciyar ranar Juma'a. Ta fara ɗaga hannun kaɗan, magana na fita da ƙyar. Abin da ta fara tambaya, wa aka ba makullinta. Mun ce yana wurin ɗiyarta har ta miƙe. Ku sa ta cikin addu'a, sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.